Yadda Ake Kwashe Adireshin Imel Zuwa Rumbun Bayanai

Darasi domin akawuna da magatakardan ƙungiyoyi

Ko wane ofishi da ke aika wasiƙu yana da littafin adireshi. A da littafi ne na takarda mai bango, akawu ya ja masa layi da rula, ya rubuta sunayen mutane bi da bi, in an tashi aiki ya kulle shi cikin aljihun tebur. Yanzu kuwa yawancin wasiƙu ta imel suke tafiya, littafin adireshin kuma ya koma cikin manhajar da ake aika wasiƙun da ita, irin su Gmail da Outlook da Thunderbird. Muddin mutanen ba su da yawa, kuma mutum guda ne ke rubuta musu, wannan littafi ya wadatar. Amma in ƙungiya ta bunƙasa, sai a tarar magatakarda yana da nasa littafi, ma'aji yana da nasa, na shugaba kuwa yana cikin wayarsa, babu kuma guda biyu da suka dace da juna. Ran da magatakarda ya bar aiki, rabin sunayen sun tafi tare da shi. Ran da aka kira taro, wani ya sami takardar gayya sau uku, wani ko ɗaya bai samu ba, har a raba takin zamani ko rance bai ji labari ba.

Maganin wannan shi ne a tara sunayen duka wuri ɗaya, cikin abin da ake kira rumbun bayanai. Kwashewar kanta ba ta ɗaukar kwamfuta ko minti ɗaya. Wahalar aikin tana wurin akawu, gama kwamfuta tana kwafe kuskure da sauri daidai da yadda take kwafe gaskiya, ba ta kuwa faɗa wa kowa.

Mene ne rumbun bayanai?

Rumbun bayanai ma'aji ne cikin kwamfuta inda ake ajiye labari a jere cikin jadawali, kamar littafin rajistar makaranta. Ko wane layi na mutum guda ne, ko wane gida kuma na abu iri guda ne: gidan suna, gidan gari, gidan lambar waya. Wani Baturen Ingila mai suna Edgar Codd, ma'aikacin kamfanin IBM a Amurka, shi ya shimfiɗa wannan tsari cikin shekara ta 1970. Abin da ya nuna shi ne ana iya raba labari cikin jadawali da yawa, sa'an nan a ɗaure su da juna da lamba, yadda ba sai an rubuta abu ɗaya sau biyu ba. Manhajojin da ke bin wannan tsari suna da yawa. Akwai Access na kamfanin Microsoft, wanda ya fito a 1992, da MySQL na 1995, da PostgreSQL, da kuma SQLite wanda Richard Hipp ya ƙirƙiro a shekara ta 2000. Wannan na ƙarshe ƙarami ne ƙwarai, kyauta ne kuma, har ma wayoyin Android cikinsa suke ajiye sunayen da mai waya ya rubuta. Ga ƙaramin ofishi, ko wanne daga cikinsu zai yi.

Fifikon rumbun bisa littafin imel shi ne ana iya yi masa tambaya. Ana iya ce masa ya kawo dukan mutanen gunduma kaza waɗanda ba su biya kuɗin shekara ba, ya kawo su nan da nan. Ana kuma iya kafa masa doka, a ce kada ya karɓi adireshi ɗaya sau biyu, ko kada ya karɓi layin da ba shi da suna, shi kuwa ba zai karya dokar ba ko da akawu ya manta.

A ja layi tun ba a kawo kaya ba

Manomi ba ya kwaso hatsi daga gona sai ya gyara rumbu. Haka nan wajibi ne akawu ya zauna da takarda da fensir, ya tsara gidajen da yake bukata kafin ya taɓa kwamfuta. Fayil ɗin da Outlook ke fitarwa yana zuwa da gidaje masu ɗimbin yawa, har da na lambar fakis da ta wayar mota, yawancinsu kuma wayam suke. Ba a bukatar a kwashe su duka. A zaɓi waɗanda ofishi ke aiki da su, a bar sauran.

Abu ɗaya ne ya kamata a tsaya a kansa a nan. Mutum guda yakan mallaki adireshin imel biyu ko uku, na wurin aiki da na gida da wani tsoho da ya daina buɗewa, yakan kuma riƙe layin waya biyu. Wanda bai saba ba sai ya yi gidan imel na ɗaya, da na biyu, da na uku, ran da aka sami mai huɗu sai tsarin ya rushe. Hanyar da ta fi ita ce a yi jadawali biyu. Na farko na mutane ne, inda za a ba ko wane mutum lambar rajista tasa shi kaɗai, wadda ba za a sāke ta ba, ba kuma za a ba wani ita ba ko bayan an cire shi. Na biyu na adireshi ne, ko wane layi da adireshi guda da lambar rajistar mai shi. Da haka mutum yana iya samun adireshi goma, sunansa kuwa sau ɗaya aka rubuta. In ya sāke gari, wuri ɗaya za a gyara. Lambobin waya ma haka za a yi musu.

Kada a mai da suna ya zama lambar rajista, gama masu suna ɗaya sun yi yawa. Kada kuma a mai da adireshin imel, gama mutum yakan sāke shi, wani lokaci kuma miji da mata, ko ma'aikatan ofishi guda, sukan yi tarayya cikin adireshi ɗaya.

Fitar da sunaye

Ko wace manhajar imel tana da wurin fitar da littafin adireshi, inda galibi aka rubuta Export. Za ta tambayi irin fayil ɗin da ake so. Iri biyu ne suka fi yawa. Na ɗaya shi ne vCard, wanda ya samo asali a 1995, aka kuma fitar da sabon tsarinsa na huɗu a 2011. Shi kamar katin suna yake, ko wane mutum da nasa, ya fi dacewa da kai sunaye daga waya zuwa waya. Na biyu shi ne CSV, shi ne kuma ya fi sauƙin shiga rumbun bayanai, domin tun asali a jere yake kamar jadawali.

Da an fitar da fayil, abu na farko shi ne a yi kwafinsa, a rubuta masa kwanan wata, a ajiye shi wurin da ba za a taɓa shi ba. Dukan gyara a kan kwafi na biyu za a yi. A kuma rubuta a takarda ko mutum nawa ne manhajar imel ta ce suna cikin littafin, gama za a nemi wannan lissafi daga baya. A lura kuma Gmail da Thunderbird sukan tara adireshin waɗanda aka taɓa rubuta wa da kansu, cikin wani littafi dabam. Ciki akwai mutanen kirki, akwai kuma adireshin da aka rubuta bisa kuskure sau ɗaya shekaru da suka wuce. A duba su da ido kafin a gama su da sauran.

Fayil na CSV rubutu ne zalla, ana iya buɗe shi da ƙaramar manhajar rubutu a karanta. Layi na farko sunayen gidaje ne, sauran layuka na mutane, tsakanin gida da gida kuma waƙafi ne. An daɗe ana aiki da shi kafin a rubuta ƙa'idodinsa a takarda cikin 2005, shi ya sa har yanzu manhajoji ba su bi hanya ɗaya sak ba. To, ga inda ake tuntuɓe. Adireshin gida shi ma yakan ƙunshi waƙafi, kamar a rubuta unguwa, waƙafi, sa'an nan gari. Ƙa'ida ta ce irin wannan gida a kewaye shi da alamar zance gaba da baya, domin kwamfuta ta san waƙafin ciki ba na rabuwa ba ne. In alamar ta ɓace, sai sunan gari ya faɗa gidan lambar waya, lambar waya ta faɗa gidan imel, layin duka ya goce. Waɗanda ke musayar fayil da ofisoshin Nijar ko Chadi ko Kamaru su ƙara lura da wani abu: kwamfutar da aka saita bisa tsarin Faransanci waƙafi take sawa cikin lissafi inda Ingilishi ke sa ɗigo, saboda haka Excel a can da waƙafi mai ruwa yake raba gidaje. Lalle ne a faɗa wa manhajar shigarwa alamar da aka yi aiki da ita, in ba haka ba sai ta cusa layin duka cikin gida ɗaya.

Haruffa masu lanƙwasa, da sifiri, da alhamza

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani, ko wane harafi da lambarsa. Wani tsari da aka yi a Amurka cikin 1963, mai suna ASCII, gurbi 128 kaɗai gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Daga baya aka yi Unicode domin ya ɗauki rubutun duniya duka, a 1992 kuma Ken Thompson da Rob Pike suka tsara hanyar ajiye shi da ake kira UTF-8. Cikin wannan hanya harafin Ingilishi wuri ɗaya yake ci, harafin Hausa mai lanƙwasa kuwa wuri biyu. In aka buɗe fayil na UTF-8 da tsohon tsarin Windows na ƙasashen Turai, sai kwamfuta ta ɗauki wuraren nan biyu haruffa biyu ne dabam, suna kamar Ɗanladi ya fito ÆŠanladi. Wannan yana da magani, gama labarin yana nan, karatun ne ya karkace: a rufe fayil ba tare da an adana ba, a sāke buɗe shi da UTF-8. Wanda ba shi da magani shi ne in an adana fayil cikin tsohon tsari, gama a nan ko wane harafi mai lanƙwasa yakan koma alamar tambaya, ba kuwa mai iya sanin ɗ ne ko ƙ sai wanda ya san mai sunan. Saboda haka a zaɓi UTF-8 wajen fitarwa, da wajen gyara, da cikin rumbun kansa. In wuri ɗaya ya kuskure cikin ukun nan, an yi aikin banza.

Lambar waya ta fi haɗari, domin ɓarnarta ba ta bayyana da wuri. Lambar wayar hannu a Nijeriya lambobi 11 ce, tana farawa da sifiri. In aka danna fayil na CSV ya buɗe kai tsaye cikin Excel, sai manhajar ta ɗauka lissafi aka ba ta, ta zubar da sifirin farko, gama ga mai lissafi 0803 da 803 duk ɗaya ne. In kuwa an rubuta lambar da 234 na ƙasa a gaba, ta zama lambobi 13, sai ta share alamar tarawa, ta taƙaita lambar ta nuna wani abu kamar 2.34803E+12. Wanda ya adana fayil ɗin a haka ya rasa lambobin ƙarshe na kowa da kowa, sai dai ya koma ga kwafin da ya ajiye tun farko. Maganin shi ne a shigar da fayil ta hanyar shigar da bayanai, a ce gidan lambar waya rubutu ne. Cikin rumbun ma a sa shi gidan rubutu, tun da ba wanda zai tara lambar wayar wani da ta wani. Ya fi kyau kuma a rubuta lambobin duka iri ɗaya, bisa tsarin duniya: alamar tarawa, lambar ƙasa, sa'an nan lambar mutum ba sifirin farko, ba tazara. Ta Nijeriya 234 ce, ta Nijar 227, ta Gana 233, ta Kamaru 237, ta Chadi 235, ta Sudan 249. Bisa wannan tsari babu lambar da ke wuce lambobi 15.

Na uku shi ne alhamza, watau alamar da ke cikin sunaye kamar Sa'adu da Mu'azu da Asma'u, da wadda ke gaban 'Yan da 'Yar. Harshen da ake ba rumbun bayanai umurni da shi, SQL, da wannan alama yake buɗe rubutu yake kuma rufe shi. In mai tsara aikin ya liƙa sunan mutum kai tsaye cikin umurni, rumbun zai karanta Sa, ya ɗauka suna ya ƙare, ya rasa abin da zai yi da adu, sai aikin ya tsaya, ko kuwa a tsallake layin. Waɗansu sukan share alhamzar domin su huta, wannan kuwa ɓata sunan mutane ne. Hanyar gaskiya ita ce a yi aiki da manhajar shigarwa da rumbun ya zo da ita, ko kuwa mai tsarawa ya aika umurni dabam, sunaye dabam, yadda rumbun ba zai taɓa ɗaukar suna a matsayin umurni ba. Ta wannan ƙofa ce kuma ɓarayin intanet ke shiga rumbunan mutane, saboda haka toshe ta riba biyu ce.

Wane ne wane?

Nan ne aikin da kwamfuta ba ta iya yi ita kaɗai. In an gama littafin magatakarda da na ma'aji da na shugaba, za a tarar mutum ɗaya ya fito sau da yawa. Wani ya rubuta Muhammadu, wani Muhammad, wani Mohammed, wani Mamman. Wani ya sa Alhaji ko Malam cikin gidan suna, wani ya sa sunan gari a madadin sunan uba, wani kuwa laƙabi kaɗai ya sani. A wani gefen kuma ga mutum biyu ko uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, a gari ɗaya, alhali ba su ko san juna ba.

A fara da adireshin imel, gama shi ya fi suna tabbas. Tun 1971, da Ray Tomlinson ya zaɓi alamar @, ko wane adireshi kashi biyu ne: sunan akwati a hagu, sunan gidan da ke riƙe da akwatin a dama. A share tazarar da ta maƙale gaba ko baya, gama ido ba ya ganinta amma kwamfuta tana lissafa ta. Kashin dama bai damu da babban baƙi ko ƙarami ba. Kashin hagu, bisa ƙa'ida, yana iya bambantawa, amma manyan gidajen imel ba su bambantawa, saboda haka wajen gwada adireshi da adireshi a mai da su duka ƙananan baƙaƙe. Gmail kuma ba ya lissafa ɗigon da ke cikin kashin hagu, watau adireshi mai ɗigo da marar ɗigo akwati ɗaya ne, amma wannan hali nasa ne, kada a ɗora shi a kan sauran gidaje. Layin da ba shi da alamar @, ko mai guda biyu, a ware shi gefe. A ba gidan imel faɗin harafi 254, gama iyakar tsawon adireshi ke nan.

In adireshi ya zo ɗaya, suna kuma ya yi kusa, to mutum ɗaya ne, a gama su. In suna ya zo ɗaya amma adireshi da lambar waya sun bambanta, kada a gama su sai an tambaya. Dalili kuwa shi ne kuskuren biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Wanda aka bari sau biyu, iyakarta ya sami wasiƙa biyu, ya yi tsaki. Amma mutum biyu da aka mayar ɗaya, ɗayansu ya ɓace daga rajista ke nan, wasiƙar bashinsa ko ta haƙƙinsa kuma tana zuwa hannun wani. Raba su daga baya yana da wuya ƙwarai. Sauri ya haifi nawa. Gara akawu ya ɓata kwana biyu yana buga waya yana tambaya.

Laƙabi irin su Alhaji da Hajiya da Malam a yi musu gida nasu. Sunan kuma a rubuta shi yadda mai shi yake rubutawa, ko da akawu yana ganin akwai rubutun da ya fi daidai. Yana da amfani a ƙara gida guda da zai nuna daga littafin wa aka samo ko wane layi, domin in gardama ta tashi a san wanda za a tambaya.

Shigarwa da ƙidaya

Kada a zuba sunaye kai tsaye cikin jadawalin gaske. A fara zuba su cikin jadawalin wucin gadi wanda gidajensa duka na rubutu ne, a yi gyara a can, sa'an nan a kwashe masu kyau zuwa mazauninsu. A gwada da layi goma ko ashirin tukuna, a zaɓo masu wuya da gangan: mai harafi mai lanƙwasa, mai alhamza, mai waƙafi cikin adireshi, mai imel uku. In waɗannan sun shiga lafiya, sauran za su shiga.

Bayan an gama sai ƙidaya. Misali, a ce littattafan uku sun ba da layi 1,200. An gama 150 da 'yan'uwansu domin maimaici ne, an ware 30 domin adireshinsu ya lalace. To, lalle ne a sami mutum 1,020 cikin rumbun, ba ƙari ba ragi. In 1,017 aka samu, akwai mutum uku da suka zube a hanya, wajibi ne kuma a nemo su kafin a ci gaba. Sa'an nan a ɗauki layi kamar hamsin daga wurare dabam dabam, a gwada su da littafin asali harafi da harafi. Talatin ɗin nan da aka ware kuma kada a jefar da su, a bi masu su a gyara.

Amanar sunayen mutane

Wanda ya ba ofishi adireshinsa domin a sanar da shi ranar taro bai ba da shi domin a sayar wa 'yan talla ba. A Nijeriya an sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a cikin watan Yuni na 2023, ta kuma kafa hukumar da ke lura da wannan al'amari. Dokar ta ce a tara bayanan mutum bisa dalili na halal, a yi aiki da su domin abin da aka tara su saboda shi, mai su kuma yana da ikon ya nemi a nuna masa, ko a gyara, ko a share inda doka ta yarda. In aka yi satar bayanai irin wadda za ta iya cutar da mutane, ana bukatar a sanar da hukumar cikin awa 72. Saboda haka adireshin dangi da abokan magatakarda, waɗanda suka cuɗe da na ƙungiya cikin littafinsa, ba su da wuri cikin rumbun ofishi, a cire su tun wajen gyara. A sa wa rumbun kalmar sirri, a rubuta sunayen waɗanda aka yarda su buɗe shi, a kuma bambanta mai ikon karantawa da mai ikon gyarawa. Fayilolin CSV da aka yi aiki da su, tun da kowa na iya karanta su, kada a bar su warwatse cikin filashi ko cikin akwatin imel. A ajiye kwafin asali guda a kulle, a share sauran. In za a aika wa jama'a wasiƙa ɗaya, a sa adireshinsu a gidan kwafin ɓoye, kada kowa ya ga na kowa.

Daga ran da aka gama shigarwa, shugaban ofishi ya sanar da ma'aikata a rubuce cewa rumbun shi ne littafin gaske. Wanda ya ji wani ya sāke adireshi ko lambar waya, can zai kai gyara. In ana bukatar sunayen cikin manhajar imel ko cikin waya, daga rumbun za a fitar da su a kai can, ba a juya hanyar. A naɗa mutum guda mai lura da shi, da mataimakinsa, ya riƙa yin kwafin ajiya ko wane mako a wata na'ura dabam, ya kuma riƙa buɗe kwafin lokaci lokaci domin ya tabbata yana buɗuwa. Wasiƙar da ta dawo ba ta sami akwati ba kuwa, a sa wa adireshinta alama a ranar, a nemi mai shi ta waya.